Wa Ke Yi wa Malamin Asibiti Ta'aziyya?

In mutum ya fita daga birnin Sakkwato ya kama hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, zai bi ta Boɗinga. In ya ƙara gaba sai Shagari, garin tsohon Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari, inda aka yi masa sutura a watan Disamba na 2018. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya. A garuruwan nan biyu da ƙauyukansu akwai ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani, waɗansu ɗaki biyu ne ko uku da baranda, ma'aikata kuwa 'yan kaɗan. Mutanen gari ba ruwansu da irin takardar shaidar da ma'aikaci yake riƙe da ita. Ko nas ce, ko ungozoma, ko wanda ya fito daga makarantar kiwon lafiya ta Gwadabawa, duk "likita" ake ce musu, ko "malamin asibiti". A kan waɗannan mutane za mu yi magana a wannan wata, da abin da yakan zauna musu a zuciya sa'ad da mara lafiya ya cika a hannunsu.

Bari mu fara da shekarar da mutanen wannan yanki ba su manta ba. A ƙarshen 2016 ciwon sanƙarau ya ɓullo a Jihar Zamfara, sa'an nan ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Kafin a ce ya lafa a watan Yuni na 2017, an ƙidaya mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, fiye da 1,100 kuwa sun rasu. Yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne suka fi yawa a ciki. Ƙaramar Hukumar Boɗinga tana cikin wuraren da abin ya taɓa ƙwarai, har sunan garin Danchadi ya shiga bakin 'yan jarida.

Abin ya zo wa mutane a ba-zata, gama an riga an yi riga-kafi. Tun daga 2011 aka soma yi wa jama'ar Arewa allurar MenAfriVac, wadda ta karya lagon sanƙarau iri na A, wato irin da ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya a 1996. Amma na 2017 iri na C ne, sabon jinsi da aka fara gani a Jihar Sakkwato a 2013, tsohuwar allurar kuwa ba ta tare shi. Riga-kafinsa ya yi ƙaranci a duniya duka. Sai da aka nemo wajen allura 800,000 daga Ingila domin Jihar Sakkwato. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta buɗe wurin jinya a birnin Sakkwato, amma kafin yaro ya kai birni, ta hannun malamin asibitin ƙauye yakan bi.

Duk wanda ya taɓa ganin sanƙarau ya san saurinsa. Yaro zai tashi da safe da zazzaɓi da ciwon kai. Kafin la'asar wuya ya sanƙare, yana amai, ba ya son haske. Kafin gari ya waye ya fita hayyacinsa. Ƙwayar cutar takan shiga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ta kumbura shi. In ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ko an yi magani ma, wajen ɗaya cikin goma yakan rasu, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, waɗansu kuma su tashi da kurumta. A lokacin annoba maganin allura ce kowace rana har kwana biyar. In gadaje sun cika akan shimfiɗa tabarmi a baranda da gindin itace, a rataye ledar ƙarin ruwa a reshe, ga zafin watan Afrilu wanda a Sakkwato yakan wuce digiri 40.

To, mai karatu, yi lissafi da kanka. Ma'aikacin da ya karɓi yara 50, ya yi musu duk abin da aka koya masa, bai yi kuskure ko ɗaya ba, zai iya rufe wa biyar ido da hannunsa.

Wanda ba a zuwa yi wa gaisuwa

Mu mutanen ƙasar Hausa, Musulmi da Kirista, ba mu saba barin mai makoki shi kaɗai ba. Da an ji rasuwa sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maza su zauna a waje, mata a ciki, maƙwabta su kawo kwanonin abinci. Kowa ya zo ya ce, "Yaya muka ji da haƙuri?" a amsa masa. Musulmi suna da zaman makoki na kwana uku, waɗansu su ƙara da bakwai da arba'in. Mu ma mukan taru a gidan rasuwa da waƙa da addu'a har dare. Wannan al'ada ce mai kyau ƙwarai, gama tana raba nauyin ga mutane da yawa.

Amma ku duba wanda ya kwana a tsaye a kan yaron nan. Shi ya nemi jijiya a hannun da ya bushe, shi ya riƙe yaron sa'ad da yake fizge-fizge, shi ya sa kunne ya ji numfashi ya tsaya. Sa'an nan ya zare allurar ƙarin ruwa, ya rufe shi da zanen uwarsa, ya faɗa wa uban. Dangi su ɗauki gawa su tafi da ita tare da kukansu, domin a yi sutura kafin rana ta faɗi. Shi kuwa ya rubuta suna a rijista, ya wanke hannu, ya kaɗe shimfiɗa, gama wani yana jiran gadon. Ba wanda zai zo ƙofar gidansa ya tambaye shi yadda ya ji da haƙuri. In ma ya je gaisuwa gidan mamacin, shi ne mai ba da haƙuri.

Akwai bambanci kuma tsakanin babban asibiti da na ƙauye. Likitan da yake aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yakan ga mutuwa da yawa, amma yawanci ta baƙi ce. Malamin asibitin ƙauyen Shagari ya san wanda yake kwance a gabansa. Wataƙila ita ungozomar ce ta yanke wa yaron cibiya. Wataƙila ɗan mai sayar masa da itace ne, ko abokin wasan ɗansa. Gobe zai gamu da uban a kasuwa, jibi ya wuce ta ƙofar gidan. Saboda haka abin ba ya ƙarewa da tashi daga aiki.

Mu da muke koyarwa a makarantun ikkilisiya muna da 'yan makaranta da yawa da suka shiga wannan aiki, mata musamman. In sun zo gida hutun Kirsimeti sukan ba mu labarin albashi da wahalar hanya da rashin ruwa. Labarin waɗanda suka mutu a hannunsu kuwa sai an daɗe ana hira, dare ya yi, sa'an nan ya fito, ɗaya ko biyu. Abin da muka lura shi ne, ba sa manta kome. Sukan tuna launin zanen, da ranar mako, da abin da uwar ta ce.

Sanin magani da rashinsa

Mutuwa kanta ba ita ce ta fi ci musu rai ba. Tsoho ya cika da shekarunsa, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi, wannan ma'aikaci yakan ɗauke shi da sauƙi. Wadda take hana barci ita ce mutuwar da ya san yadda za a tare ta. A 1984 wani masani Ba'amurke mai suna Andrew Jameton, cikin littafinsa a kan aikin nas, ya bayyana irin wannan ƙunci: mutum ya san abin da ya kamata a yi, amma yanayin wurin aikinsa ya ɗaure masa hannu.

Ga misali wanda kowace ungozoma ta sani. An kawo mace da dare a bayan babur ko cikin amalanke, ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato matan da suke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba, don haka wadda aka kawo, sai da abin ya ɓaci aka kawo ta. Ungozoma ta yi allura, ta murza mara, ta sa ƙarin ruwa. Ta san abin da ya rage shi ne ƙarin jini, ɗakin shan magani kuwa ba ya ajiye jini. Tilas a tafi babban asibiti. Sai neman mota, sai neman kuɗin mota, sai jiran mai gida ko wansa ya ba da izini. Ita kuwa tana riƙe da tocila tana duban idon matar yana yin fari. Ta san sunan abin da yake kashe ta, ta san maganinsa, ta san inda yake.

Binciken nan ya nuna kuma cewa a Arewa maso Yamma, cikin yara 1,000 da aka haifa, 187 ba sa kai shekara biyar. Yawancin abin da yake kashe su sananne ne: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon haƙarƙari, tamowa.

Daga nan fushi yake shigowa. An fara da jiƙe-jiƙe da turare, an je kemis, an yi kwana huɗu, sai da yaro ya daina shan nono aka kawo shi. Ma'aikaci ya dubi uban ya ce, "Malam, sai yanzu?" Bayan awa ɗaya yaron ya cika, maganar nan kuwa ta zauna tsakaninsu. A ganinmu uban nan ba wawa ba ne. Ya auna kuɗin babur da hatsin da ya rage a rumbu, ya sa rai zazzaɓin zai sauka kamar na bara. Ma'aikacin ma ya san haka, shi ya sa fushin yakan juya ya zama kunya. Abin baƙin ciki kuma, sai labari ya bazu a ƙauye cewa wane ya kai ɗansa asibiti ya komo da gawa, na gaba ya ƙara jinkiri.

Ga tsoro kuma. Likita Ameyo Stella Adadevoh, wadda ta hana mai ciwon Ebola fita daga asibiti a Ikko, ta kamu da ciwon ta rasu a watan Agusta na 2014. A farkon 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,500, Sakkwato tana cikin jihohin da ya shiga. Nas ɗin da ta yini cikin irin wannan takan tsaya a ƙofar gida ta hana ɗanta rungumarta sai ta yi wanka ta sāke tufafi. Yaro ba ya gane dalili.

Zafin rai da muke gani

Dukanmu mun taɓa yin gunaguni a kan ma'aikatan asibiti. Mukan ce ba su da tausayi, suna daka wa mai naƙuda tsawa, mutum yana mutuwa suna hira. Ba za mu wanke kowa ba. Akwai masu mugun hali a kowace sana'a, har da tamu ta malanta, wulakanta mara lafiya kuwa laifi ne ko daga wa ya fito. Amma ba duka ne haka suka fara ba. Yarinyar da ta yi kuka a bayan ɗaki ranar da ta fara ganin gawa, ita ce bayan shekara goma take rubutu ba ta ɗaga kai. Ta koyi cewa in ta bar kowace mutuwa ta shiga ciki, ba za ta iya tashi gobe ba, sai ta rufe ƙofa. Matsalar ita ce ƙofar ba ta zaɓe. In ta rufu ga baƙin ciki, takan rufu ga fara'a, har ga miji da 'ya'ya.

Masana sun ba wannan hali suna, suka ce gajiyar tausayi. Wata mata mai suna Carla Joinson ta yi rubutu a kansa a 1992, Charles Figley kuma ya faɗaɗa bayanin a 1995. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da aiki yake jawowa da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin, mutum ya ga kamar ƙoƙarinsa ba ya amfanin kome. A gida mukan gan shi ta rashin barci, da saurin faɗa, da ƙin cin abinci, da yin shiru. A wurin waɗansu maza kuwa, kwalba.

Al'adarmu ma tana da hannu. An koya mana dauriya tun muna yara, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ba ya kuka a gaban mutane, balle wanda ake kira likita. In ya nuna damuwa, Musulmi zai ce masa kwana ne ya ƙare, Kirista ya ce nufin Allah ne. Maganar tana da amfani, gama tana sauke masa zaton cewa rai a hannunsa yake. Amma in an faɗe ta da sauri domin a rufe bakin mutum, ba ta ɗauke kome. Masu karatunmu sun san cewa a Betanya, a bakin kabarin Li'azaru, hawaye sun zubo wa Ubangiji a gaban jama'a, ba a kuwa lasafta masa wannan rashin bangaskiya ba.

"Da sauƙi"

Akwai wani nauyi dabam, na harshe. A Hausa in an tambayi mara lafiya yaya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Ko yana bakin mutuwa haka zai ce, haka kuma za a ce masa. Ba ma son ambaton mutuwa a gaban mai rai. To, ma'aikacin da ya ga ciwon daji ya ci jikin tsohuwa, ko hanta ta lalace ciki ya kumbura, me zai ce? 'Ya'yanta sun ja shi gefe sun roƙe shi kada ya faɗa mata. Suna shirin sayar da gona su kai ta Zariya. In ya yi shiru, gona za ta tafi, tsohuwa ma ta tafi. In ya yi magana, a ce ya yanke mata ƙauna, ko shi ne Allah? Da yawa sukan ɓuya a bayan magana guda, su ce, "Ku koma da ita gida a ci gaba da addu'a." Kowa ya gane, ba wanda ya furta. Tsohuwar takan tafi da zafin ciwonta, ma'aikacin ya zauna da tunanin cewa ya kore ta.

A nan ne aikin wata mace 'yar Ingila ya shafe mu. Cicely Saunders ta yi aikin nas kafin ta zama likita, a 1967 kuma ta buɗe gidan jinya na St Christopher a London domin waɗanda magani ya kāsa warkarwa. Ta koyar cewa zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya da na iyali da na ruhu, kowanne kuwa ana iya rage shi. Likita Anne Merriman, wadda ta yi aikin mishan a Nijeriya tun tana budurwa, ta kai wannan koyarwa Yuganda a 1993, ta kuma yaɗa amfani da ruwan mofin mai arha da ake sha domin kashe zafi mai tsanani. A ƙasarmu Asibitin Koyarwa na Badun ya buɗe irin wannan sashe a 2007 da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sa irin wannan jinya cikin aikin lafiya tun daga matakin farko.

Amfanin koyarwar ga ma'aikaci shi ne ta canja ma'aunin da yake auna kansa da shi. In warkarwa kaɗai ce nasara, kowace gawa faɗuwa ce. Amma juya mara lafiya domin kada bayansa ya yi gyambo, da jiƙa masa leɓe da ruwa, da rage masa zafi, da zaunar da babban ɗa a faɗa masa gaskiya a hankali, duk aiki ne, ana kuwa iya yin yawancinsa a ɗaki biyu da baranda. A irin waɗannan gidajen jinya ma'aikata sukan zauna tare lokaci lokaci su ambaci waɗanda suka rasu, kowa ya faɗi abin da ya dame shi. Wannan ba ya bukatar kuɗi ko wutar lantarki.

Kirista a bakin gadon Musulmi

Mutanen Boɗinga da Shagari kusan duka Musulmi ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato. 'Ya'yanmu da aiki ko bautar ƙasa ya kai irin waɗannan wurare baƙi ne, wani lokaci ba majami'a kusa. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun wajen 1937 ma'aikatan mishan na SIM suka karɓi jinyar kutare a Amanawa, kusa da Sakkwato, yawancin majinyatan kuwa Musulmi ne.

Nas Kirista takan rasa abin yi sa'ad da numfashi ya soma sarƙewa. Addu'ar da ta iya ba tasu ba ce. Waɗanda suka daɗe a aikin sun koyi hanya: ta kira mijin ko uwar ko wani dattijo su matso kusa, domin a tuna wa mai mutuwa kalmar shahada kamar yadda addininsa ya koyar, ita ta ja da baya kaɗan ta yi tata addu'ar a zuci. In an cika, ta bar mata su shirya mace, maza su shirya namiji, kada kuma ta riƙe su da cike-ciken takarda alhali suna so su yi sutura da wuri. A ganinmu wannan shi ne daidai. Bakin gadon mutuwa ba wurin gardama ba ne, dangi kuma ba sa manta wanda ya girmama mamacinsu. Amma bayan haka ita takan koma ɗakin haya ita kaɗai.

Saboda haka maganarmu ga gidaje ce. Mai gida, in matarka ta komo daga aikin dare ta zauna a bakin gado ba ta cire takalmi ba, kada tambayarka ta fari ta zama ta abinci. Uwa, in ɗanki mai aiki a nesa ya buga waya da tsakar dare yana tambayar lafiyar kowa, bai kuwa faɗi dalili ba, kada ki yi saurin kashewa. Ba sai mun nemi sunan mara lafiya ba, gama asirin majinyaci amana ce a wuyansu. Ya isa a ce, "Yau an yi rashi ne?" a kuma jira. Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya suna da jerin marasa lafiya da gwauraye da suke ziyarta. Ba mu cika ganin sunan nas ko ungozoma a jerin ba, sai dai a tashe ta da dare in ɗan wani ya yi zafi. In kuwa rashin barci da ƙuncin sun yi makonni, ko mutum ya soma maganar gajiya da rai, wannan ya wuce hira, sai a raka shi wurin likita.

A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari a duniya da ta soma amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda take tare sanƙarau iri biyar, har da na C. Duk da haka a farkon 2025 ciwon ya sāke ɓullowa a Kebbi da Sakkwato, ya ci rayuka. Lokacinsa daga Disamba ne zuwa Yuni, ya fi tsanani a Maris da Afrilu. Da ruwan sama ya sauka yakan lafa, sa'an nan a soma kawo yara masu zazzaɓin cizon sauro.